Ni ne Shugaba, Ni ne Maigadi: In Rufe Kamfanin Ne?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni marubucin manhaja ne. Shekara huɗu ke nan da na ajiye aikin albashi na kama na kaina. Na ƙirƙiri wata manhaja da masu ƙananan sana'o'i ke fitar da rasit da ita, su bi bashi, su san abin da ya rage musu na kaya. Wata-wata suke biya, kuma akwai masu amfani da ita a ƙasashe da dama. Alhamdu lillahi, ita ke riƙe da ni da iyalina. Sai dai ni ne komai: ni ke rubuta kod (umarnin da manhajar ke aiki da shi), ni ke amsa koke, ni ke bin wanda katinsa ya ƙi biya, ni ke gadin sabar (kwamfutar da manhajar ke zaune a kanta). Da wayata nake kwana. Watan jiya sabar ta tsaya cikin dare ban sani ba, na wayi gari da saƙonnin masu fushi. Akwai wani kamfani guda da ke kawo kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da nake samu, kullum da sabon abin da yake so a ƙara masa, kuma na kasa ce masa a'a. Tun da na fara ban taɓa ƙara farashi ba. Kod ɗin kuma ya tsufa har kunyarsa nake ji. Mai ɗakina ta ce lokacin da nake aikin albashi sun fi ganina. Malam, in rushe manhajar in sake rubuta ta daga tushe, ko in ɗauki ma'aikaci, ko kuwa in rufe in koma neman aiki?

Daga wani mai karatu

AMSA

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara buɗi. Hanyoyi uku ka lissafo, kuma babu wadda zan ce ka kama a bana. Akwai wata magana da ka faɗa ka wuce ta da sauri, wato manhajar tana riƙe da gidanka. Da yawa sun zauna sun rubuta manhaja mai kyau, har suka gaji ba su samu mai biya ba. Kai kasuwa ta riga ta karɓe ka. Abin da ke cin ka shi ne alkawuran da ka ɗaukar wa mutane, waɗanda na kamfani ne mai ma'aikata da yawa da ke karɓa-karɓa dare da rana, alhali mutum ɗaya ne a ciki, kuma mutumin nan yana barci, yana rashin lafiya, yana da iyali. Saboda haka aikin da ke gabanka shi ne ka rage wa kamfanin nauyi har ya dawo daidai ƙarfin mutum guda.

Bari in fara da sake rubutawa, tunda na ga ita ce ta fi kwanta maka a rai. Kada ka yi. A 1998 kamfanin Netscape, wanda manhajarsa ta shiga intanet ke kan gaba a shekarun baya, ya yanke shawarar jingine tsohon kod ya gina sabo. Sabuwar manhajar, Netscape 6, ba ta fito ba sai a Nuwamban 2000, fiye da shekara uku bayan fitowar ta huɗu a 1997. Kafin nan abokiyar hamayyarta, Internet Explorer ta kamfanin Microsoft, ta riga ta kwashe kasuwa. Su fa suna da injiniyoyi jibgi. Kai idan ka fara, tsohuwar manhajar ba za ta daina neman gyara ba don kana gina sabuwa. Za ka koma mai reno biyu, ɗaya tana kawo kuɗi kana ƙyamarta, ɗaya kana sonta ba ta kawo ko kwabo.

Sannan wannan munin da kake gani a kod ɗin, yawancinsa tarihi ne. Wancan sharaɗin mai ban haushi da ke tsakiyar lissafin rasit, ka sa shi ne ranar da wani ya shigar da ragi ya fi kuɗin kaya. Wancan layin da ka manta amfaninsa, saboda wata ƙasa ce da ke rubuta wata kafin rana. Duk za ka zubar da su, sannan kwastomomi su sake koya maka su ɗaya bayan ɗaya, da fushi. Wanda ke biyanka bai taɓa ganin kod ɗinka ba, kuma ba zai gani ba. Rasit ɗinsa ya fita daidai, shi ke nan.

Zan faɗa maka abin da nake zargi, ka yi haƙuri. Sake rubutawa ita ce aikin da ya fi daɗi a duk abin da ke gabanka, domin ba ta buƙatar ka yi magana da kowa. Rubuta wa babban kwastoma cewa ba za ka yi masa abu kyauta ba, da sanar da ƙarin farashi, su ne masu ɗaci, kuma su ne masu magani. Masu sana'armu idan magana da mutane ta yi musu nauyi sai su gudu su ɓuya a cikin kod, su ce aiki suke yi. Abin da ya dace da tsohon kod shi ne ka buɗe koke-koken wata uku da suka wuce, ka ga wane sashe ne ya fi jawo su. Za ka tarar wuri biyu ko uku ne. Ka rubuta musu gwaji mai sarrafa kansa tukuna, don ka san idan ka ɓata wani abu, sannan ka gyara su kaɗan-kaɗan. Sauran da ba ya kuka ka ƙyale shi da muninsa.

Yanzu daren da sabar ta tsaya. Ka raba abubuwa gida biyu a ranka: abin da zai ba ka kunya, da abin da zai kashe kamfanin. Tsayawar sabar na 'yan awanni kunya ce. Manyan kamfanoni ma suna sha. A ranar 28 ga Fabrairun 2017, kuskuren buga umarni guda ya durƙusar da wani sashe na ma'ajiyar S3, inda kamfanin Amazon ke ajiye wa wasu bayanansu, na kusan awa huɗu, shafuka da dama suka tafi tare da ita. Ka kuma yi wannan lissafin: alkawarin cewa manhaja za ta yi aiki kashi 99.9 cikin ɗari na lokaci yana nufin an yarda manhaja ta tsaya kusan awa tara a shekara, wajen minti 43 a wata. Idan aka ce 99.99, abin ya dawo minti 52 a shekara gaba ɗaya, kuma babu mutum ɗaya mai barci da zai iya cika wannan. Kada ka taɓa sa hannu a kansa komai kuɗin da aka ɗora.

Laifin da na gani a labarinka shi ne kwastomomi ne suka sanar da kai. Ka sa wata hidima daga waje, wadda ba ta zaune a kan sabar taka, ta riƙa leƙa manhajar duk minti ɗaya ko biyar. Kada ta tsaya ga shafin farko kawai, ta taɓa wani wuri da sai rumbun bayanai yana raye zai amsa. Idan ta ji shiru sau biyu ko uku a jere, ta kira wayarka. Wannan ƙararrawar kaɗai ce ke da izinin tashinka. Imel, da saƙon kwastoma, da sanarwar an biya ko ba a biya ba, duk su jira safiya. Dalilin kwana da waya shi ne rashin yarda cewa za a tashe ka idan abu ya faru. Ranar da ka gwada ƙararrawar ka ji ta yi kuka, sai ka kai wayar can gefe.

Abubuwan da ke tsayar da ƙaramar manhaja ma ba wasu na ban mamaki ba ne. Ma'ajiyar sabar ta cika da bayanan da take rubuta wa kanta kullum, ba wanda ke sharewa. Takardar shaidar tsaro, wadda ke tabbatar wa mai shiga cewa shafin naka ne, ta ƙare. Irin ta Let's Encrypt (masu bayar da irin wannan takarda) da aka saba, kwana 90 take yi, kuma tun tsakiyar 2025 suka daina aiko da imel na tunatarwa, don haka idan sabuntawar da ka saita ta lalace a ɓoye, sai dai ka ji daga bakin mutane. Ko kuma sunan shafin ya faɗi, saboda katin da ke biyansa ya ƙare shekara biyu da suka wuce. Ka sa a riƙa yi maka gargaɗi idan ma'ajiya ta kai kashi 80, ka biya kuɗin sunan shafi na shekaru da yawa a gaba. Na ƙarshe kuma kai ne da kanka, wato tura sabon gyara dab da kwanciya ko dab da tafiya. A ranar Juma'a 19 ga Yulin 2024, sabuntawa guda ta kamfanin tsaron kwamfuta CrowdStrike ta kifar da kwamfutoci masu Windows kimanin miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi. Kai ka tura naka da safe, a farkon mako, lokacin da kake zaune da ido biyu, kuma ka tabbata kana da hanyar komawa na jiya cikin minti biyu.

Abin da ke kashe kamfani irin naka kuwa shi ne ɓacewar bayanan mutane, kuma ban ga ka ambaci kwafin ajiya ko sau ɗaya a wasiƙarka ba. Na san za ka ce ai akwai. Tambayata ita ce, yaushe rabonka da ka dawo da shi ka gani da idonka? A ranar 31 ga Janairun 2017 wani injiniya a GitLab, kamfanin da marubuta manhaja ke ajiye kod ɗinsu a wurinsa, cikin gajiyar dare, ya goge rumbun bayanai na ainihi yana zaton na ko-ta-kwana ne. Kusan gigabait 300 suka tafi. Da suka juya ga hanyoyi biyar na ajiya da suke taƙama da su, sai suka tarar babu wadda ke aiki yadda ya kamata. Ɗaya daga ciki ta daɗe tana faɗuwa shiru saboda saɓanin sigar manhaja, kuma imel ɗin da ya kamata ya kai ƙara ba ya isa ga kowa. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka da hannu awa shida kafin nan, don wata buƙata daban. Bayanan awa shidan nan ba su dawo ba. Sai kuma 10 ga Maris 2021, da gobara ta cinye wani gini na kamfanin OVH, mai bayar da hayar sabar, a Strasbourg ta Faransa. Waɗanda kwafinsu ke ajiye a wuri ɗaya da sabar ɗinsu sun rasa uwa sun rasa 'ya.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka ware safiya guda a wannan makon. Ka yi hayar sabuwar sabar fanko, ka kalli agogo, ka sauko da kwafin daren jiya, ka ɗora shi, ka tayar da manhajar a kai. Ka shiga kamar kai kwastoma ne, ka nemo rasit na ƙarshe da aka fitar jiya da yamma, ka duba ko hoton tambarin da ke kansa ya fito, domin sau da yawa mutum yana ajiye rumbun bayanai ya manta da fayilolin da mutane suka ɗora. Duk umarnin da ka buga ka rubuta shi a jere. Duk inda ka tsaya kana sosa kai kana neman wata kalmar sirri, ka rubuta inda take. Idan ka gama ka sake kallon agogo. Wannan lokacin shi ne gaskiyar abin da za ka iya yi wa mutane alkawari. Ka maimaita duk wata uku. Tsarin da aka saba shi ne kwafi uku, a ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wani wuri na daban, kuma ni zan ƙara cewa na wajen ya kasance a hannun wani kamfani daban, da wani asusu daban, ta yadda ko an yi maka kutse ko an rufe maka asusu ba za a tafi da duka ba.

Tunda na taɓo rufe asusu, ka zauna ka lissafa duk wanda idan ya sauya ra'ayi gobe kasuwancinka ya tsaya. Heroku, kamfanin da ake ɗora manhaja a kan sabar ɗinsa, ya janye tsarinsa na kyauta a ƙarshen Nuwamban 2022. Christian Selig, wanda ya gina manhajar Apollo ta karanta dandalin tattaunawa na Reddit, ya rufe ta ranar 30 ga Yunin 2023 bayan Reddit ya sa kuɗi a kan hanyar ɗibar bayanansa. Ya ce sabon farashin zai ci masa kusan dala miliyan 20 a shekara. Ba za ka iya rabuwa da dogaro da wasu ba, amma ga kowane ɗaya ka san ina za ka koma kuma kwana nawa zai ɗauke ka. Kuma ka guji sababbin kayan yayi. Mutum ɗaya abin da ya dace da shi tsohon kaya ne da aka daɗe ana amfani da shi, irin su rumbun bayanai na PostgreSQL, wanda duk matsalar da za ta same ka da ƙarfe uku na dare, ta riga ta sami dubban mutane sun rubuta maganinta. Idan akwai mai karɓar kuɗi ya kula maka da rumbun bayanai, ya riƙa sabunta shi yana ajiye kwafi, ka biya shi. Wannan ne ma'aikacin da ya fi araha da za ka taɓa ɗauka.

Mu zo ga babban kwastoma, domin a ganina nan ne ciwon yake. Wanda ke kawo kashi ɗaya cikin uku na kuɗinka, kuma ba ka iya ce masa a'a, ai maigidanka ne. Ka bar aikin albashi ka koma wani, sai dai wannan babu hutu, babu fansho, babu sanarwar sallama. Asarar ma ta wuce lokacinka. Duk abin da ka ƙara don shi kaɗai, sauran masu amfani da manhajar sun samu ƙarin maɓallin da ba su gane ba, kai kuma ka samu ƙarin kod da za ka yi ta reno har abada. Ina kyautata zaton rabin tsufan da kake kuka da shi daga nan ya fito.

Ba cewa na yi ka kore shi ba. Ka sa wa buƙatunsa farashi. Duk abin da ya nema ka tambayi kanka, shin wasu kwastomomi goma za su yi murna da shi? Idan e, ya shiga layi, ka yi shi a lokacin da ka tsara. Idan a'a, aiki ne na musamman, kuma ana biyan aiki na musamman. Amsar ba ta buƙatar doguwar magana: "Ranka ya daɗe, na gode da wannan shawara. Abin da kuka nema ba ya cikin aikin da na tsara na wannan zangon. Idan da gaggawa kuke buƙatarsa, zan yi muku shi a matsayin aiki na daban. Zai ɗauki mako kaza, kuɗinsa kaza, rabi kafin a fara, sannan akwai kuɗin kula da shi duk shekara. Idan zai iya jira, na sa shi a jerin buƙatu, zan sanar da ku idan lokacinsa ya yi." Za ka sha mamakin yadda abin gaggawa ke zama ba na gaggawa ba da zarar an maƙala masa kuɗi. Mai roƙon ma sau da yawa wani ma'aikaci ne a can da ya ga tambaya ba ta cin komai. Kana tsoron su tafi, na sani. Amma ka tuna bayanansu na shekaru suna cikin manhajarka, ma'aikatansu sun saba da ita, ƙaura tana da tsada a gare su su ma. Ka nemi su sa hannu a yarjejeniyar shekara guda, a rubuce, da abin da ke ciki da abin da ba ya ciki. Lokacin da ka ƙwato daga hannunsu kuma ka zuba shi wajen nemo ƙananan kwastomomi, har kasonsu ya sauko zuwa inda tafiyarsu za ta yi maka zafi amma ba za ta kayar da kai ba.

Farashi kuwa, shekara huɗu ba ƙari ragi ne, tunda hayar sabar da duk abin da kake saya sun tashi. Ga lissafi mai sauƙi: idan ka ƙara kashi 25 cikin ɗari, ko da mutum ɗaya cikin biyar ya tafi, kuɗinka na nan yadda yake, koken da kake amsawa kuma ya ragu. Ka lura ma, masu biyan mafi ƙanƙantar kuɗi su suka fi yawan aiko da saƙo. Duba akwatinka ka gani ko ƙarya nake. Ƙaramin farashi yana da wata ɓarakar. Stripe, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, a Amurka yana cire kashi 2.9 da senti 30 a kowane biya da kati. A kan dala 5 wannan ya kusa kashi 9 cikin ɗari, a kan dala 50 kuwa kashi 3.5 ne. Shi ya sa biyan shekara gaba ɗaya da ɗan ragi ya fi maka alheri: cirewa sau ɗaya, kuɗi a hannu, kuma babu katin da zai ƙi biya a tsakiyar shekara. Ka fara sabon farashi da sababbin shiga tun yau. Tsofaffi ka ba su sanarwar wata biyu ko uku, a gajeriyar wasiƙa, ba tare da dogon ban-haƙuri ba.

Ka kuma san adadin masu fita duk wata, domin lambar nan tana yaudara. Kashi 5 cikin ɗari a wata kamar ba komai ba, amma a shekara ya kai kashi 46. Wasu daga cikinsu ma ba su yi niyyar tafiya ba, katinsu ne ya ƙare ko banki ya ƙi. Bin waɗannan ba aikin hannunka ba ne. Kamfanonin karɓar kuɗi suna da tsarin sake gwada kati da aika tunatarwa, kunna shi kawai za ka yi. A nan ne kuma za ka duba ko imel ɗinka yana isa. Tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara sharuɗɗa a kan masu aika saƙo, musamman masu aikawa da yawa. Idan ba ka saita SPF da DKIM da DMARC (saituttukan da ke tabbatar da cewa imel daga gare ka ya fito) a kan sunan shafinka ba, rasit ɗin kwastomominka na iya ƙarewa a kwandon shara, su kuma kai za su zarga.

Haraji zan taɓa shi a gurguje, don na masana ne. Tunda kana sayarwa a ƙasashe da dama, ka sani wasu suna bin mai sayarwa har gida. Tarayyar Turai, tun 1 ga Janairun 2015, tana karɓar harajin VAT na hidimomin intanet da aka sayar wa ɗaiɗaikun mutane bisa ƙasar mai saye. Dokarta ta kare bayanai, GDPR, da ta fara aiki 25 ga Mayun 2018, ta ba da awa 72 a sanar da hukuma idan bayanan mutane suka fita. Akwai kamfanoni irin su Paddle da ke tsayawa a matsayin mai sayarwa a hukumance, su karɓi harajin su biya, su miƙo maka saura. Kasonsu ya fi na masu karɓar kati zalla, amma ga mutum ɗaya sau da yawa ya cancanta. Asusun kamfani kuma ya rabu da na aljihunka, ka yanka wa kanka albashi, ka bar kuɗin wata uku zuwa shida a ciki ba ka taɓawa.

Ɗaukar ma'aikaci ba yanzu ba. Idan ka kawo marubucin manhaja yau, wata uku na farko kai za ka yi masa aiki, domin duk ilimin kamfanin yana cikin kanka, babu shi a takarda. Ga albashi da ke jiranka ƙarshen kowane wata, ko babban kwastoma ya tafi ko bai tafi ba. Ka fara da sayen awanni: akanta da zai riƙe maka littafi da haraji, lauya sau ɗaya ya duba yarjejeniyoyinka, daga baya wani ya riƙa amsa koke na 'yan awanni a rana. Kafin nan ma ka rage koken. Ka rubuta a fili cewa ana amsa saƙo a ranakun aiki, cikin yini guda, ta hanya ɗaya tak. Ka daina ba da lambar wayarka. Ka buɗe akwatin sau biyu a rana, ba duk minti goma ba, saboda rubuta kod yana son awanni a jere ba tare da an katse ba. Duk tambayar da aka yi maka sau uku, ko dai ka rubuta amsarta a shafin taimako, ko ka gyara wurin da ke ruɗa mutane. Wanda ya saba samun amsa ƙarfe ɗaya na dare kai ka koya masa, kuma zai iya koyon jira.

Akwai wani abu da ba ka tambaya ba. Idan ka kwanta asibiti mako biyu, wa zai iya biyan hayar sabar? Ka tattara kalmomin sirri a manhajar adana su, ka buga lambobin ceto na asusun da ke neman tabbaci mataki biyu, ka haɗa da takarda mai shafi ɗaya: ga inda sabar take, ga inda sunan shafi yake, ga abokin sana'ar da za a kira, ga saƙon da za a tura wa kwastomomi. Ka rufe a ambulan ka ba mai ɗakinka, ka zauna ka nuna mata. Abokin sana'ar nan kuma ka neme shi tun yanzu, wani mai kamfani shi kaɗai kamarka, ku yi yarjejeniya: idan ɗaya zai yi tafiya, ɗayan ya riƙe masa ƙararrawa, da takardar matakan tayar da sabar a hannunsa. Da haka ne za ka iya ɗaukar hutun mako guda na gaske.

Maganar mai ɗakinka gaskiya ce, kada ka kare kanka. Kada kuma ka ce mata abubuwa za su yi sauƙi nan gaba, na tabbata ta sha jin wannan. Ka ba ta abin da za ta iya gani: daga ƙarfe kaza an rufe kwamfuta, rana kaza a mako babu aiki sai in ƙararrawa ta yi kuka. Ku sa wa'adin wata shida tare, ku rubuta abin da kuke son gani a ƙarshensa, na kuɗi da na lokaci.

Idan wa'adin ya cika, ka gwada kwafin ajiya, ka ƙara farashi, ka ja wa babban kwastoma layi, amma har yanzu gabanka na faɗuwa duk safiya kafin ka buɗe kwamfuta, to komawa aikin albashi ba abin kunya ba ne. Sai dai ko a lokacin kada ka rufe haka kawai. Manhajar da ke da masu biya wata-wata kadara ce, ana sayar da ita, kuma akwai kasuwanni a intanet na irin wannan ciniki. Abin da mai saye zai fara nema shi ne littafin kuɗi mai tsabta, adadin masu fita, kason da babban kwastoma ke riƙe da shi, da takardar da ke nuna yadda ake tafiyar da komai ba tare da kai ba. Idan ba a samu mai saye ba, ka ba mutane sanarwar aƙalla wata uku, da maɓallin sauke duk rasit da lissafin bashinsu a fayil ɗin da wata manhaja za ta iya karantawa, ka kuma mayar wa waɗanda suka biya na shekara ragowar kuɗinsu. Allah ya yi maka jagora, ka gaida iyali.